Karɓa da Dagewa: Bayani ga Majinyata Game da Maganin ACT

Game da wannan takarda

An shirya wannan takarda domin majinyata masu jin Hausa da ke zuwa asibitoci da ɗakunan shan magani na Greensboro, musamman na unguwar Irving Park da kewayenta, tare da iyalansu. Tana bayani a kan wata hanya ta magance ciwon damuwa, fargaba da ciwo mai daɗewa, wadda ake bi ta tattaunawa da ƙwararre a fannin halayyar ɗan Adam. Idan likitanku ya ambaci ACT, ko ya tura ku wurin irin wannan ƙwararre, abin da ke cikin takardar zai taimaka muku ku san abin da za ku tarar. Ba ta maye gurbin ganin likita ba. Ku karanta ta a tsanake, ku adana ta, ku zo da ita ranar da aka ba ku.

Mene ne ACT?

ACT gajarta ce ta sunan Turanci Acceptance and Commitment Therapy, kuma ana furta ta a matsayin kalma ɗaya, wato "akt". Da Hausa ana iya cewa maganin karɓa da dagewa. Karɓa na nufin mutum ya bar kokawa da abin da yake ji a zuciyarsa da jikinsa alhali ba shi da ikon kawar da shi a wannan lokaci. Dagewa kuwa na nufin ya ci gaba da aikata abin da ke da daraja a rayuwarsa, ko da wannan ji yana tare da shi.

Babu ɗan Adam da zai rayu bai ɗanɗani tsoro, baƙin ciki, kewa ko nadama ba. Wanda ya baro iyaye a Maradi, Kano ko Kumasi, yana aikin dare a nan, ga kuɗin haya, ga na gida suna jiran aike, ya san wannan sarai. Abin da ke mayar da irin wannan ji ya zama cuta, sau da yawa, shi ne yadda yake ƙwace ragamar rayuwa: mutum ya daina fita, ya daina ɗaga waya, ya daina zuwa aiki, duk domin gudun abin da zai ji. Manufar ACT ita ce ragamar ta dawo hannunku. Masana suna kiran wannan sassaucin zuciya, wato mutum ya iya jin abin da yake ji, ya ga tunaninsa a matsayin tunani, sannan ya zaɓi abin da zai aikata bisa ga abin da ya ɗauka da muhimmanci.

Daga ina wannan hanya ta samo asali?

Tushenta a nan Greensboro yake. A ƙarshen shekarun 1970, wani matashin masanin halayyar ɗan Adam mai suna Steven C. Hayes yana koyarwa a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke wannan gari, wadda aka fi sani da UNCG, 'yan mil kaɗan daga Irving Park. A shekarar 1978, ana cikin wani taron malamai da gardama ta yi zafi, ya nemi yin magana sai murya ta ƙi fita, zuciyarsa ta shiga bugawa har ya zaci ciwon zuciya ne ya kama shi. Wannan shi ne farkon ciwon firgici da ya yi shekaru yana fama da shi.

Kamar yadda shi da kansa ya sha bayyanawa a bainar jama'a, ya yi ta ƙoƙarin danne firgicin da kuma kauce wa duk wurin da zai iya tayar da shi. Ya kai ga gudun gidajen cin abinci da na sinima, koyarwa ma ta zama masa da ƙyar. Duk da haka ciwon sai ƙaruwa yake yi. Daga bisani ya gane cewa gudun ne ke ciyar da ciwon, sai ya juya ya fuskanci abin da yake tsoro. A farkon shekarun 1980 ya fara tsara wannan fahimta ta zama hanyar magani. Shi da ɗalibinsa Robert Zettle suka gwada ta a kan masu ciwon damuwa, aka buga sakamakon a 1986. A wannan shekara Hayes ya koma Jami'ar Nevada da ke Reno. A 1999 shi da Kirk Strosahl da Kelly Wilson suka wallafa littafi na farko da ya yi cikakken bayanin ACT.

Me ya sa kokawa da damuwa ba ta kai wa ga nasara?

A harkokin yau da kullum, idan abu ya dame mu, kawar da shi muke yi. Ƙaya ta soke mu, mu cire. Rufi yana yoyo, mu toshe. Wannan dabara tana aiki a kan abin da ke waje. A kan abin da ke cikin zuciya kuwa, takan ba da akasin abin da ake nema.

A shekarar 1987, wani masani a Amurka mai suna Daniel Wegner ya umarci mutane da kada su yi tunanin wata farar dabba da ake kira beyar har tsawon minti 5, su kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu a rai. Sun yi ta kaɗawa. Bayan an ɗage hanin, tunanin ya dawo musu fiye da yadda ya zo wa waɗanda ba a fara hana su ba. Kuna iya gwadawa yanzu: ku yi minti 1 ba ku tuna da farin raƙumi ba. Domin ku tabbatar ba ku tuna da shi ba, dole ku duba, kuma dubawar ita ce tunawar.

Haka abin yake ga barci. Wanda ya kwanta yana tilasta wa kansa barci shi ne ke kwana ido biyu. Haka kuma ga fargaba. Gudun abin tsoro yana kawo sauƙi nan take, kamar susar ƙaiƙayi, amma wurin sai ya ƙara rurewa. Mace mai tsoron tuƙi a babban titi ta fara bin ƙananan hanyoyi. Bayan wata biyu ta daina tuƙi. Bayan shekara ta bar aikin da ke ciyar da 'ya'yanta. Tsoron yana nan yadda yake, rayuwarta ce ta ƙuntata. Shi ya sa tambaya ta farko da ƙwararre zai yi muku takan kasance: me kuka gwada zuwa yanzu, ya yi aiki na ɗan lokaci ko na dindindin, kuma me ya ci muku?

Ginshiƙai shida na ACT

1. Karɓa

Ku tuna da mai ɗauke da tulun ruwa. In ta riƙe shi da hannu biyu nesa da jikinta domin kada ya taɓa ta, ba za ta yi taku goma ba ta gaji, kuma ba ta da hannun yin wani abu. In ta naɗa gammo ta ɗora shi a ka, nauyin bai ragu ba ko kaɗan, amma tana tafiya, tana gaisawa da mutane, tana riƙe hannun ɗanta. Karɓa ita ce gammon.

A aikace, za a koya muku ku lura da inda jin yake a jiki. A ƙirji yake, a maƙogwaro ko a ciki? Nauyi ne, zafi ne ko matsewa? Ku ambaci sunansa: "wannan tsoro ne", "wannan kewa ce". Ku ja numfashi a hankali, ku ba shi wuri ya zauna, ba tare da kun ture shi ko kun bi shi ba. Ba a ce ku so shi ba. An ce ku bar ɓata ƙarfinku wajen korarsa. Ana farawa da ƙananan abubuwa, kuma ba wanda zai tilasta muku abin da ba ku shirya masa ba.

2. Raba kai da tunani

Zuciya ba ta gajiya da saƙa da warwara. Tana cewa "ba ni da amfani", "na ba iyayena kunya", "ba zan taɓa warkewa ba". Idan mutum ya manne wa irin wannan magana, sai ya ɗauke ta tamkar hukuncin alƙali. ACT ba ta sa ku yin musu da tunanin ko neman hujjar ƙaryata shi. Tana koya muku ku ja da baya ku dube shi.

Tunane-tunane kamar masu talla ne a kasuwa: kowa yana kiranku, wani ma yana jan rigarku. Ba ku da ikon rufe musu baki, amma ba dole ne ku sayi hajar kowa ba. Ga dabaru biyu. Ta farko: maimakon "ba ni da amfani", ku ce "ina lura zuciyata tana gaya mini cewa ba ni da amfani". Ta biyu: ku ce "fura" sau ɗaya, za ku ji kamar kuna ganinta, har da ɗanɗanon nono. Sannan ku yi ta maimaita kalmar da sauri da ƙarfi har daƙiƙa 30. Za ku ga ta koma sauti kawai. Kalmar da kuke zagin kanku da ita ma sauti ce, kuma ana iya yi mata haka. Ma'aunin da ake ɗora tunani a kai shi ne: in na bi wannan tunani, ina zai kai ni?

3. Kasancewa a halin yanzu

Mai ciwon damuwa yakan zauna a jiya, mai fargaba kuma a gobe. Abincin da ke gabansa da yaron da ke masa magana sai su wuce bai sani ba. Amma duk abin da mutum zai iya aikatawa, yanzu ne kawai zai iya aikata shi.

Wannan ginshiƙi horar da hankali ne ya dawo inda jiki yake. Ku dafa ƙafafunku a ƙasa ku ji taurinta. Ku ambaci abu 5 da kuke gani, 4 da kuke ji da kunne, 3 da ke taɓa jikinku. Ana iya yin haka a ɗakin jira, a cikin bas, ko lokacin hutun aiki. Wanda ke da ikon tafiya yana iya zagayawa a Latham Park, kusa da asibitin Moses Cone, ya bi hanyar ƙafa da ke gefen rafin North Buffalo, yana lura da takunsa, da iska, da kukan tsuntsaye. Hankali zai gudu, domin haka aka halicce shi. Duk lokacin da kuka lura ya gudu kuka dawo da shi, kun yi atisayen daidai.

4. Kai mai lura

Mutum yakan ɗaure kansa da labarin da yake ba kansa: "ni mai ciwo ne", "ni wanda ya gaza ne", ko ma "ni namiji ne, ba na kuka". Irin wannan labari yana hana motsi. ACT tana tunatar da ku cewa akwai wani ɓangare naku da ke ganin duk waɗannan abubuwa suna wucewa.

Ku ɗauki misalin zaure. Yau an yi ɗaurin aure a cikinsa, gobe zaman makoki, jibi sulhu tsakanin masu rigima. Baƙi na kirki da na banza duk sun zauna sun tashi. Zauren ya ɗauke su duka, kuma bai zama ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya ji daɗi yana ɗan shekara 10, da wanda ya sauka a filin jirgi yana rawar sanyi a shekararsa ta farko a Amurka, da wanda ke karanta wannan takarda yanzu, mutum ɗaya ne. Jiki ya sauya, tunani ya sauya, mai lura yana nan. Daga wannan matsayi, ji mai zafi baƙo ne a zaurenku.

5. Abubuwan da ke da daraja a gare ku

Akwai bambanci tsakanin buri da alƙiblar rayuwa. Buri abu ne da ake cimmawa a gama: samun takardar zama, sayen gida, kammala karatu. Wani lokaci ba ya hannunku. Alƙibla kuwa ita ce irin mutumin da kuke so ku kasance a kan hanya: uba mai sauraron 'ya'yansa, 'ya mai kula da iyayenta, ma'aikaci mai riƙon amana, maƙwabci mai zumunci. Ba a gama ta, kuma ana iya fuskantarta yau, ko da daga gadon asibiti.

Ƙwararre zai yi muku tambayoyi irin waɗannan. In da damuwar nan za ta ɗaga muku ƙafa na mako guda, me za ku yi da lokacinku? In jikokinku suna ba da labarinku wata rana, me kuke so su faɗa? Amsar taku ce. Ba ƙwararre ne zai zaɓa muku ba, ba kuma tsoron abin da mutane za su ce ba. Za ku lura da wani abu: inda ciwo yake, nan daraja take. Ba a kewar wanda ba a ƙauna. Mai fargabar makomar 'ya'yansa yana fargaba ne saboda sun kai masa har zuci.

6. Aiki da dagewa

Sauran ginshiƙan biyar share fage ne ga wannan. Bayan kun san alƙiblarku, sai ku zaɓi taki ɗaya ƙarami, bayyananne, mai rana da lokaci. "Zan gyara zumunci" ya yi faɗi. "Ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe zan kira ƙanwata, mu yi magana ta minti 5" ya yi daidai. Mai ciwon baya da ke son wasa da jikokinsa yana iya farawa da tafiyar minti 10 kullum, gwargwadon yadda likita ya amince.

Kafin ku ɗauki takin, ku tambayi kanku: wane ji ne zai taso, kuma na yarda in tafi da shi? Za a yi ranar da za ku kasa. Dagewa ba ta nufin rashin faɗuwa, tana nufin komawa kan hanya bayan an kauce, ba tare da zagin kai ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da karɓa ba ta ƙunsa ba

Wajibi ne a fahimci wannan sashe sosai. Karɓar da ake magana a kai ta shafi abin da ke cikin zuciya da jiki: tunani, ji, da tuna baya. Ba ta shafi zalunci ba. Idan ana dukanku a gida, ana tsoratar da ku, ko ana tauye muku haƙƙi a wurin aiki, abin da ya kamata shi ne neman kariya da gyara. A Greensboro akwai cibiyar Family Justice Center ta gundumar Guilford, wadda aka buɗe a 2015 domin waɗanda ake cin zarafinsu a gida. Ma'aikatan jinya za su iya haɗa ku da ita cikin sirri.

Haka kuma karɓa ba dalili ba ce ta barin magani. Faɗuwar gaba, kasala da rashin barci suna iya fitowa daga ƙarancin jini, ciwon sukari ko matsalar maƙoƙo, saboda haka a fara da gwajin likita. Mai sikila ko wani ciwo mai daɗewa zai ci gaba da shan maganinsa da zuwa asibiti kamar yadda aka tsara.

Hausawa na cewa haƙuri maganin zaman duniya. Amma haƙuri iri biyu ne. Akwai na cije baki a haɗiye, a yi shiru har ciwo ya ci mutum. Akwai kuma na wanda ya san abin da ke damunsa, ya faɗe shi, ya ɗauke shi ya ci gaba da aikin alheri. Na biyun ne ya yi kusa da abin da ACT ke koyarwa.

Me bincike ya nuna?

An yi ɗaruruwan gwaje-gwajen kimiyya a kan ACT a ƙasashe da dama. Sun nuna tana taimakawa a kan ciwon damuwa, fargaba, ciwo mai daɗewa da shaye-shaye, da kuma rayuwa tare da cututtuka irin su ciwon sukari da ciwon daji. A 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta sanya ta cikin hanyoyin da za a iya ba masu ciwo mai daɗewa wanda ba a gano wata cuta da ke haddasa shi ba. Asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka ma suna amfani da ita wajen ciwon damuwa.

An kuma gwada ta a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na zama 5 bisa ginshiƙan ACT, aka gwada shi a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu da ke arewacin Yuganda. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna ƙuncin zuciyarsu ya ragu fiye da na waɗanda ba su shiga shirin ba, kuma bambancin yana nan bayan wata 3.

A mafi yawan bincike, amfanin ACT ya yi daidai da na hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, wadda ta girme ta. Wasu wannan ta fi dacewa da su, wasu waccan. Idan kun yi makonni ba ku ga canji ba, ku faɗa. Akwai wasu hanyoyin.

Yaya zaman yake gudana?

Ana yin sa mutum ɗaya da ƙwararre, ko cikin rukuni, a ofis ko ta bidiyo. Yawanci zama ɗaya ne a mako, na kimanin minti 45 zuwa 60, har tsawon wata 2 zuwa 4, gwargwadon buƙata. A zama na farko za a tambaye ku abin da ke damunku, abin da kuka gwada, da abin da kuke so rayuwarku ta zama. Ku faɗi gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga nan kowane zama zai ƙunshi atisaye da ɗan aikin da za ku yi a gida. Wani lokaci za ku ji nauyin zuciya ya ƙaru a makonnin farko, saboda kun fara duban abin da kuka daɗe kuna kawar wa kai. Wannan sananne ne. Ku sanar da ƙwararren domin a daidaita saurin tafiyar.

Tambayoyin da aka fi yi

Zuwa wurin ƙwararre na nufin na haukace? A'a. Ciwon damuwa da fargaba suna daga cikin cututtukan da suka fi yawa a duniya, kuma suna kama malami da jahili, mai kuɗi da talaka. Wanda ya tsara wannan hanya ma ya yi fama da su.

Ta saɓa wa addinina? ACT ba ta ɗauke da wata aƙida, kuma ba ta neman ku bar taku. Idan ibada tana cikin abubuwan da ke da daraja a gare ku, ku faɗa, za a gina aikin a kanta. Kuna iya ci gaba da neman shawarar limaminku ko fastonku.

In daina shan ƙwayoyin da aka rubuta mini? Kada ku daina, kada kuma ku rage, sai da shawarar likita. Daina wasu magunguna farat ɗaya yana da haɗari. Ana iya haɗa ACT da ƙwayoyi. Ku kuma sanar da likita duk wani maganin gargajiya da kuke sha.

Ba na jin Turanci sosai. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 da dokar kiwon lafiya ta 2010 sun wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su samar da tafinta kyauta. Ku nemi tafintan Hausa tun lokacin da ake ba ku rana. Kada ku sa yaro ya yi muku tafinta a irin wannan magana. Kuna iya neman ƙwararre ko tafinta mace ko namiji. Idan kuma kun san tafintan a gari, kuna iya neman a sauya.

Wa zai ji abin da na faɗa? Dokar HIPAA ta 1996 tana kare bayanan lafiyarku. Ba a bayyana su ga dangi ko wurin aikinku ba tare da izininku ba, sai inda doka ta tanada, kamar idan rayuwarku ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro.

Nawa zan biya? Ya danganta da inshorarku. Ku nemi ganin ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibiti domin ya duba ko kun cancanci Medicaid ko rangwame.

Yaushe za a nemi taimakon gaggawa?

ACT aiki ne na sannu a hankali. Kada ku jira ranar zama idan:

- kuna tunanin kashe kanku ko cutar da wani;
- kuna jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani;
- kun yi kwanaki ba ci, ba sha, ko ba barci;
- kun haihu kwanan nan kuma kuna tsoron za ku cutar da kanku ko jaririn.

Ku kira ko ku aika saƙo zuwa 988, layin taimako na ƙasa baki ɗaya da ya fara aiki a watan Yulin 2022. Kyauta ne, dare da rana, kuma idan kun kira kuna iya neman tafinta. Kuna iya zuwa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gundumar Guilford da ke lamba 931, Third Street, wadda ke karɓar masu buƙatar gaggawa a kowane lokaci. Idan akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko wani ya sha magani fiye da kima, ku kira 911 nan take. Kada ku yanke wa kanku hukuncin cewa firgici ne kawai. Likita ne zai tantance.

Kafin ranar da aka ba ku

Ku ɗauki takarda ku rubuta amsar waɗannan tambayoyi uku, da Hausa ko da ajami ko da duk harshen da ya fi muku sauƙi, ko ku sa wani amintacce ya rubuta muku:

1. Wane tunani ko ji ne na fi kokawa da shi?
2. Me na daina yi saboda gudunsa?
3. Wane ƙaramin abu ɗaya zan iya yi a wannan mako domin wani mutum ko wani al'amari da ke da daraja a gare ni?

Ku zo da amsoshin, tare da jerin magungunan da kuke sha da katin inshorarku idan kuna da shi. Idan akwai abin da ba ku gane ba a cikin wannan takarda, ku tambayi likitanku ko ma'aikaciyar jinya. Allah ya ƙara sauƙi.